Waɗanne Littattafai Zan Saya Wa Ɗan Shekara 12 da 'Yar Shekara 16?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tudun Wadan Zariya. Ina da yaro ɗan shekara 12 da ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, da yayarsa 'yar shekara 16 a aji biyu na babbar sakandare. Shi yaron in ba littafin makaranta ba, ba ya taɓa komai, shi ma sai an tsaya a kansa. Ita kuwa karatun har ya yi yawa, amma duk a waya ne, labaran da ake turowa ta WhatsApp. Waɗanne littattafai ya kamata in saya musu, na Hausa da na Turanci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya su, ya yi musu albarka.

Matsala biyu ka kawo, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Yaron bai ɗanɗani daɗin labari a takarda ba tukuna, saboda haka littafin da zai ja shi ake nema, ba wanda zai gyara masa hali ba. Yarinyar ta riga ta ɗanɗana, ita cimar kawai za a canja mata. Inda iyaye suka fi yin asarar kuɗi shi ne sayen littafi don sunansa ya shahara, ba tare da an auna ƙarfin karatun wanda za a ba ba. Sai littafin ya kwanta a kan durowa yana shan ƙura, a ce yaran zamani ba sa son karatu.

Awon ba ya cin minti goma. Ka buɗe tsakiyar littafi, ba farkonsa ba, ka zaɓi shafi cikakke ka ce ya karanta a bayyane. Duk inda ya ci tuntuɓe da kalmar da bai sani ba ko ya kasa furtawa, ka lanƙwasa yatsa ɗaya. In shafi ya ƙare da yatsa biyu ko uku, littafin daidai da shi ne. In yatsun hannu ɗaya suka ƙare shafin bai ƙare ba, ya fi ƙarfinsa a yanzu, ka ajiye masa sai baɗi. Bayan nan ka rufe littafin ka tambaye shi wa ya yi me. Akwai yaran da za su zuba maka shafin Turanci tsaf ba gargada, amma in ka ce su faɗa maka da Hausa abin da ya faru, sai su tsaya suna kallonka. Wannan yaron baki yake karantawa, kai bai ɗauka ba, kuma dole a sauko masa da mataki.

Ka gwada shi da Hausa ma, kada ka ɗauka tun da ita yake yi a gida zai iya karanta ta. Yawancin yaran da suka taso a makarantun kuɗi ba a koya musu karatun Hausa ba. Za ka ji yaro ya karanta "ci" kamar "si", don a Turanci haka harafin ke fita, ko ya kasa raba "baki" da "baƙi", "dauri" da "ɗauri". Haruffan da ke ba su wahala ba su da yawa: ɓ, ɗ, ƙ, 'y, ts da c. Zama biyu ko uku ya isa a warware su. Wanda ya fi ɗaukar lokaci shi ne kalmomin da rubutunsu ɗaya amma furucinsu daban, kamar "gari" na zama da "gari" na tuwo, domin rubutunmu ba ya nuna jan wasali ko karin sauti. Wannan sai da yawan karatu ido ke sabawa da leƙa jimlar gaba ɗaya kafin baki ya furta. Idan kuma ka ga yana kai littafi dab da hanci, ko yana kukan ciwon kai bayan shafi biyu, a kai shi a duba masa ido kafin a kira shi malalaci.

To, a fara masa da Hausa, kuma a fara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Siriri ne, mai karatu daidai zai cinye shi cikin mako guda, ga ban dariya daga farko har ƙarshe. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, a hanya suna ta cin amanar juna shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wannan ya jefa wancan a wahala yau, gobe wancan ya rama. Yaro ɗan shekara 12 abin da yake so ke nan: ya ga wa zai yi wa wani wayo. Littafin ya fito ne daga gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, aka buga shi a 1934, kuma a lokacin a nan Zariya hukumar take. Daga wannan gasa aka samu Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, sannan Jiki Magayi ya fito a tsakanin lokacin.

Kada ka miƙa masa littafin ka ce ga shi nan, ka karanta. Dabarar da ta fi aiki tana cikin Magana Jari Ce, ita ce dabarar aku. A littafi na ɗaya, sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri ya shirya makircin halaka shi in ya fita, aku kuwa ya riƙa tsare shi da labari dare bayan dare har ya kasa fita. Haka za ka yi. Bayan sallar isha ka zauna da shi, kai ka karanta masa shafi uku ko huɗu da murya, kana canja murya in Malam Zurƙe ya yi magana. Daidai inda labari ya ɗauko daɗi, inda aka kama mutum za a kai shi gaban alƙali, sai ka rufe ka ce barci kake ji, ka bar littafin a kan tabarma. Kwana uku ko huɗu a haka, galibi za ka tarar an matsar da alamar da ka sa. In an matsar, kada ka yi magana.

Shi Magana Jari Ce, wanda Imam ya zauna a Zariya ya rubuta a 1936, littafi uku ne, kuma shi ne abincin shekara guda cur. Amma ga yaron da bai saba ba, shimfiɗar farko ta labarin sarki da haihuwar Musa da sayen aku tana iya yi masa tsawo. Ba laifi ya tsallaka kai tsaye zuwa gajerun labaran, irin su na Sahoro da Sahorama ko Kalala da Kalalatu, daga baya ya komo ya ɗinke. Littafi na biyu gasar ba da labari ce tsakanin aku biyu, na uku kuma aku ne ke koyar da ɗansa Fasih. Hausar na uku ta fi nauyi kuma labaransa sun fi tsawo, don haka a bi su a jere, kada a sayo na uku don shi aka samu a kanti.

Akwai abin da ke tsayar da yaran yanzu a waɗannan tsofaffin littattafai wanda manya ba sa lura da shi: kuɗi da kayan da suka ɓace. Yaron da aka haifa zamanin tura kuɗi ta waya bai san fam da sule ba. Ka rubuta masa a bayan bangon littafin: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, sisi kwabo 6, taro kwabo 3, kuma naira ta maye gurbinsu a 1973. Da wannan kaɗai zai gane girman cutar da aka yi wa mutum in an ce an karɓe masa fam goma. Kayan yaƙi da na sarauta kuwa, lifidi da sulke da kwalkwali da zagi da barde, ɗan Zariya bai da uzuri. Ka kai shi kallon hawan salla a ƙofar fada, ka nuna masa 'yan lifidi a kan dawakansu, ya ga kaurin abin da ido. Ranar da ya ci karo da kalmar a Ganɗoki ba zai tambaya ba.

Wata gaskiya da ya kamata ka sani: littattafan nan 'ya'yan zamaninsu ne. Akwai wuraren da ake yi wa ƙauyawa ko wata ƙabila ba'a, akwai inda mai wayo ya cuci mutum ya kwashe lafiya. Ba dalilin hana yaro ba ne, amma dalili ne na ka san abin da ke ciki don in ya yi tambaya ka sami amsa. Wanda za ka ɓoye gaba ɗaya shi ne Dare Dubu da Ɗaya. Mutane na ganin tsohon littafi ne na hikayoyi sai su ɗauka na yara ne, alhali akwai batsa ƙarara a cikinsa.

Bayan Ruwan Bagaja, in yaron mai son faɗa da jarumta ne, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ne na gaba. Yaro ne da ya tashi gurgu, ya sami ƙarfi, ya zama barden Sarki Waldima na birnin Kib. Asalin labarin na Rashawa ne aka yi masa rigar Hausa, kuma jimlolinsa gajeru ne, ba sa gajiyarwa. In mai son injuna da taurari ne, a nemo masa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, inda aka ɗauki wani yaro Kilba aka yi yawon sararin samaniya da shi. In kuwa awon da ka yi ya nuna karatunsa bai kai nan ba, a sauka zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Ya riga ya san Gizo da Ƙoƙi da kunne, don haka ido kawai zai yi aiki. Ana kuma samun ƙananan littattafan Hausa masu hotuna kyauta a intanet, a African Storybook da StoryWeaver. Na 'yan firamare ne, amma suna da amfani ga wanda ke gyaran tushe, muddin ba a ba shi a gaban ƙannensa ba.

Ganɗoki na Bello Kagara, wan Abubakar Imam, ya jira aji biyu. Rabinsa na farko tarihin zuwan Turawa ne da yaƙe-yaƙen da aka yi da su, da kirari da sunayen garuruwa da yawa, kuma nan ne yara ke gajiya kafin a kai ga aljanu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma aji biyu ko uku. Hausarsa mai sauƙi ce, labarin ne mai nauyi: an sace yaro zamanin bauta, ya ƙare a hannun wani Balarabe a hayin hamada, uwarsa ta bi sawunsa tana wahala har ta gan shi dab da ajalinta. Ba dariya a ciki. Yaron da aka fara wa da shi zai ɗauka duk karatu baƙin ciki ne. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East sai ya kai 14, domin labarin ramuwar gayya ne da sihiri da kisan kai: mai kuɗi ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab, shi kuma ya rantse sai ya lalata ɗan da za su haifa.

Jiki Magayi yana da wani amfani na daban, shi ne gada zuwa Turanci. An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi kusan labari ɗaya ne da shi. Yaron da ya gama na Hausar ya ɗauki na Turancin ba zai ɓata ba, tun da ya san inda aka dosa, sai ya riƙa tsintar kalmomi ba tare da ƙamus ba. Ekwensi a Minna aka haife shi, ya san Arewa, kuma The Passport of Mallam Ilia nasa, na 1960, shi ne littafin Turancin da ya fi kama yaran Hausawa maza. Tsoho ne a cikin jirgin ƙasa yake ba wani saurayi labarin yadda ya kwashe rayuwarsa yana farautar Usuman saboda matarsa Zarah. Gajere ne, akwai sharar takobi, kuma sunaye da garuruwan duk na gida ne.

Amma kafin shi, na farko a Turanci ga ɗan aji ɗaya Chike and the River ne na Chinua Achebe, na 1966. Yaro ne ɗan shekara 11 a Onica, burinsa kawai ya tsallaka kogin Kwara a jirgin ruwa zuwa Asaba, kuma kuɗin jirgin sisi ne. Ka ga lissafin da ka rubuta masa a bangon Magana Jari Ce ya sake yin rana. Daga nan sai The Drummer Boy na Ekwensi, labarin makahon yaro makaɗi, da Without a Silver Spoon na Eddie Iroh, da Eze Goes to School. Uku na ƙarshen nan sukan shigo cikin jerin littattafan makaranta, don haka ka duba jakarsa tukuna kada ka sayi abin da yake da shi.

In Turancinsa bai kai waɗannan ba, akwai littattafan da aka sauƙaƙa mataki-mataki. Jerin Oxford Bookworms misali: mataki na 1 an rubuta shi da kalmomi 400, na 2 da 700, na 3 da 1,000, har na 6 mai 2,500. Lambar tana jikin bango. A fara daga inda yatsu ba sa ƙarewa, ya karanta uku ko huɗu a matakin kafin ya hau na gaba. Kuskuren da ake yi a nan shi ne tilasta masa duba ƙamus a kan kowace kalma. Labari yana mutuwa in ana tsayawa sau goma a shafi. Ya ja layi da fensir ƙarƙashin kalmar ya wuce, in ya gama babi ya duba biyar daga ciki.

Yanzu ga yayarsa, kuma nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan. Kada ka ƙwace wayar ka ce an hana karatun labari. Yarinyar da ke iya cinye dogon labari cikin kwana biyu tana da abin da malamai ke nema ido rufe, kuma in ka hana ta a fili za ta koma ta ƙawaye a ɓoye. Illar labaran waya iri biyu ce. Ta farko rubutu: mafi yawansu ba wanda ya tace su, za ka ga "xan" maimakon "zan", "yace" a haɗe maimakon "ya ce", ba ƙugiya a ɗ da ƙ, rabin jimla Turanci. Idon da ya saba da wannan haka zai zuba a takardar jarrabawar Hausa, kuma ana rage maki a kan ƙa'idojin rubutu. Ta biyu abin da ke ciki: akwai marubuta nagari a cikinsu, akwai kuma masu sayar da batsa tsagwaronta, kuma sunan labari ba ya nuna wanne ne wanne. Wannan binciken aikin mahaifiyarta ne ko wata gwaggo da take sakewa da ita, ba naka ba. Hanyar dubawa: a karanta babin farko, a tsallaka tsakiya, sannan a nemo inda aka ɗaura aure aka kai amarya. In akwai ɓarna, a nan take fitowa.

Tun da soyayya take karantawa, da soyayya za a fara janyo ta, ba da wa'azi ba. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito daga gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya aka buga a 1980, labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani da ta nace sai Yasir, wanda ba ɗan ƙabilarta ba. Gajere ne kuma Hausarsa tsaftatacciya. Sai Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, wanda a ganinmu ya fi kowanne dacewa da 'yar shekara 16: an cire Abu daga makaranta, saurayin da ya yi boko ya guje ta don ba ta yi karatu ba, aka aurar da ita ga tsoho, ta ƙi zama, ta koma ta nemi ilimi. Akwai wurare masu zafi a kan auren dole, don haka uwar ta riga ta karantawa. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, shi ma zai ja ta, amma ku sani akwai inda Sumayya ta faɗa rijiya don an hana ta wanda take so. Wurin nan ya jawo ce-ce-ku-ce tun lokacin fitowarsa, kuma magana ce da ya kamata uwa ta zauna ta yi da 'yarta, ba a bar ta ta haɗiye ita kaɗai ba.

In ta saba da takarda, sai a faɗaɗa. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo yana magana a kan saurayin da ya bar ƙauye ya shigo birni yana zaton arziki a titi yake. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri da cin hanci ne. Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa Animal Farm a 1975, a haɗa mata shi da na Turancin ta karanta su kafaɗa da kafaɗa. Wanda ke shirin jarrabawar fassara ba zai sami atisayen da ya fi wannan ba. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare littafi ne mai ƙarfi, amma zubar da jininsa ya yi yawa, ya jira ta gama sakandare.

Wasan kwaikwayo kuwa shi ne abin da zai haɗa su biyun a tabarma ɗaya. Uwar Gulma na Mohammed Sada, a raba musu: wannan Hayatu, wannan Halima, wani ya ɗauki alƙali. Wanda ke jin kunyar karatu a bayyane yakan manta da kunyar in an ce shi ne mugun miji. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi na yayar ne ita kaɗai, tun da zancen karuwa ne da attajirin da ta tsiyata. Waƙa kuma, ba sai an je nesa ba: Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya. A rera ta, kada a karanta ta kamar jarida, domin karin ne ke sa baiti ya zauna a ka.

A Turanci, a fara mata da The Virtuous Woman na Zaynab Alkali, 'yan mata a kan hanyar tafiya makarantar kwana, sannan The Stillborn na 1984, wanda ya fi shi zurfi. Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi hira ce tsakanin uba da 'yarsa Aliya mai shekara 16, kuma kai ma ya kamata ka karanta shi. The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli yana ba da labarin rayuwar ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, nan Samaru, don haka za ta ji kamar a ƙofar gida ake yi. Waɗannan biyun hukumar JAMB ta taɓa sa su a jarrabawarta, shi ya sa suke da sauƙin samu. In ka ci karo da tsofaffin littattafan jerin Pacesetters a wurin masu gwanjo, musamman The Undesirable Element na Mohammed Sule, ka saya. Don matasa aka rubuta su kuma Turancinsu ba ya da ƙashi. Things Fall Apart ya zo bayan waɗannan, ba kafin su ba. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim ya ci babbar kyautar adabi ta NLNG a 2016 kuma ya cancanta, sai dai na manya ne. Cin kyauta ba shaidar dacewa da 'yar sakandare ba ce.

Littattafan da WAEC da NECO ke sa wa a manhajar Hausa da ta adabin Turanci suna canjawa bayan 'yan shekaru, don haka malaminta za ka tambaya jerin na shekarar da za ta zana. Amma ka raba su da na nishaɗi. Littafin da za a yi jarrabawa a kansa ana karanta shi da biro a hannu, na daɗi kuwa a kwance. Ranar da ka fara yi wa yaro tambayoyin jarrabawa a kan Ruwan Bagaja, ka mayar da shi aikin gida, kuma zai guje shi yadda yake gudun lissafi. In kana son sanin ko ya karanta, ka ce masa ka manta yadda aka yi Malam Zurƙe ya kuɓuta, ya tuna maka.

Wajen saye, kada ka kwaso goma rana ɗaya. Biyu ga kowannensu ya isa, in sun gama a ƙaro. Minti 15 zuwa 20 a rana, littafi ɗaya a wata lokacin makaranta, biyu ko uku a dogon hutu, ka ga a shekara an haura goma. Ka zaga shagunan littattafai na Sabon Gari da na Samaru, ka kuma duba wurin masu shimfiɗa tsofaffi a ƙasa, don wasu daga cikin waɗanda aka ambata sun daɗe ba a sake buga su ba, sai a gwanjo. Kasuwar cike take da bugun sata, kuma ana gane shi: tawada ta kwanta a wani shafi ta dushe a wani, hotuna sun zama baƙin dabbare, takarda shara-shara har rubutun baya na leƙowa. Kafin ka biya, ka bi lambobin shafi da yatsa daga farko zuwa ƙarshe. Ana naɗe littafi ne ƙunshi-ƙunshi, galibi shafi 16, saboda haka in an yi kuskure ba shafi ɗaya ke ɓata ba, sai ka ga daga 32 an yi tsalle zuwa 49, ko an maimaita ƙunshi guda sau biyu. Ka buɗe tsakiya ka ɗan ja takarda ɗaya a hankali. In gam ɗin ya saki a shago, a hannun ɗan shekara 12 ba zai yi mako ba.

In kuɗi sun yi kaɗan, ku haɗu gida biyar a unguwa, kowane gida ya sayi biyu, a riƙa musaya duk ranar Juma'a. Littafi goma ke nan a kuɗin biyu. A sami littafin rubutu guda da za a riƙa sa sunan wanda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka, in ba haka ba kafin wata uku rabinsu sun shiga uwa duniya. A yi wa kowanne riga da tsohuwar kalanda, a ajiye su a kan kanta nesa da bango, domin gara da laimar damina ba sa raga wa takarda, balle a ɗakin ƙasa.

Idan an yi mako shida yaron bai matsar da alamar ba, canja littafi za a yi, ba faɗa ba. Wasu yaran ƙagaggen labari ba ya burge su sam, abin da ya faru da gaske suke so, ko yadda abu ke aiki. Irin wannan a gwada shi da Ikon Allah na Imam da East, mai bayanin halittu da tsirrai da sararin sama da Hausa, tare da gaya masa cewa tsohon littafi ne, kimiyya ta wuce wasu bayanansa. Ko Zaman Hausawa, mai bayanin sana'o'i da al'adu: ya karanta babin ƙira da safe, da yamma ka bi da shi ta maƙera ya ga zugazugi da uwar maƙera da awartaki a hannun mai su.